Mai Yi wa Auta Kuka

A gidansu ba a kiran ta da sunanta. Yayar Auta ake ce mata, tun ranar da aka haifi ƙanwarta, sai ka ce kafin nan ba a san da zamanta ba. A shagon buga takardu inda take aiki, a ƙasan wani tsohon bene, Anti suke ce mata. Mutum uku kacal suka san ta da Mai Ihu: yayanta Darakta, da ita Autar, da Injiniya mai haɗa sauti. Kuma a cikinsu babu wanda ya taɓa furta wannan suna a gaban mutane.

Darakta fina-finan ban tsoro yake yi, irin waɗanda ake gamawa cikin kwana tara da kyamara ɗaya. Da farko aljanu ya so yi, sai ya tarar aljani yana buƙatar kwamfuta mai ƙarfi da wanda ya iya ta, shi kuwa ba shi da ko ɗaya. Aljaninsa na farko wani maƙwabci ne da aka lulluɓe da labule, kuma duk wanda ya kalla sai da ya gane takalminsa. Daga nan bawan Allah ya haƙura, ya koma kan iyali. Ya ce babu abin tsoro kamar mutum biyar a gida ɗaya da ba sa gaya wa juna gaskiya. Ya yi fim ɗin uban da ya cire ƙofofin gidansa duka don kada kowa ya yi sirri. Ya yi na ɗan da ya dawo daga tafiya, kowa yana murna, ƙanwarsa kaɗai take rantsuwa ba shi ba ne. A gidan marigayi babansu ake ɗauka, da rana tsaka. A rataya barguna a tagogi ya zama dare, a kashe fanka, 'yan wasa suna tsiyayar zufa, Darakta yana cewa su bar ta, zufar tsoro ce.

Auta ce tauraruwar kowane fim, kuma ba son kai ba ne, ta cancanta. Allah ya ba ta manyan idanu, in ta zaro su sai ka waiwaya bayanka. Matsalarta ɗaya: ba ta iya ihu ba. In ta buɗe baki, abin da ke fitowa kamar an taka jelar 'yar kyanwa. A fim na biyu Darakta ya sa ta maimaita sau goma sha huɗu, har mai kyamara ya fita waje don ya yi dariyarsa a tsanake. Ana cikin haka Yayar Auta ta shigo da kular abinci, ta ɗaga bargon ƙofa, wani ƙaton ɓera ya faɗo mata a wuya. Ta ƙwalla ƙarar da ta sa mai walda na maƙwabta ya kashe injinsa ya leƙo.

Darakta bai tambaya ko ya cije ta ba. Ya juya wurin Injiniya ya ce, "Ka ɗauka?"

"Ban kunna ba."

"Kash! Ke, ajiye kular nan ki sake yi."

Shekara takwas ke nan tana sakewa. A bayan shagon gyaran waya na Injiniya akwai wani ɗan sito, an jingina tsofaffin katifu biyu a bango, an manna kwalayen ƙwai a rufi. Nan take shiga bayan ta tashi daga aiki, ta sa abin ji a kunne, ta zuba wa bakin Auta ido a ƙaramin allo. Auta na buɗe baki, ita ta zuba murya. Magana dai Auta ke yin abarta, amma ihu da kuka da shessheƙa duk na yayarta ne. Muryoyinsu sun yi kama, ga shi kuma ta san kukan Auta tun daga zanin goyo: ta hanci yake farawa, ya yi sama, ya karye a tsakiya kamar za a shiɗe. Shi take ɗauka ta gyara, ta ƙara masa ƙarfi, ta mayar wa mai shi. A ƙarshen fim sunaye su yi ta hawa, har da na mai walda, wai an gode da haƙurinsa. Nata babu. Darakta ya ce in aka sani, an gama da Auta.

Ita ba sunan a allo ya dame ta ba, wallahi. Mama ce damuwarta.

Mai Ihu ta taɓa aure, auren bai yi ƙarko ba, ta dawo gida da akwati biyu daidai lokacin da idon Mama ya fara tafiya. Yanzu haske da duhu kawai tsohuwar take bambancewa. Darakta yana can da iyalinsa, Auta tana can a gidan hayarta mai labule har ƙasa, saboda haka maganin ɗiga wa ido na safe da na yamma, da wanka, da kai wa asibiti, duk a kan ta tsakiyar suke. Ba ta taɓa ƙorafi ba. Abin da ke cin ranta shi ne ranar Asabar bayan la'asar, in sabon fim ya fito. Mama ba ta yarda a kalla ba da ita ba. Sai ta sa a zaunar da ita a gefen gado, a ɗora kwamfuta a kan kujera, Mai Ihu ta zauna kusa da ita tana ba ta labarin abin da ke allo.

"Yanzu ta buɗe ƙofar kicin. Yanzu ta ga wuƙar ba ta nan. Tana ja da baya."

"Wane kaya ta sa?"

"Doguwar riga ruwan toka."

"Ya yi mata kyau ko?"

"Ya yi mata kyau, Mama."

Sai ihun ya tashi. Mama ta zabura, ta damƙe hannun Mai Ihu har farce ya shiga, ta ce, "Wayyo Autata! Wa ya taɓa min ke?" Hawaye shaɓe-shaɓe a idon da ba ya gani. Mai ihun tana zaune, hannunta a cikin na uwarta, maƙogwaronta yana zafi tun daga ranar Laraba. In an gama Mama ta ji muryarta a dashe sai ta ce, "Ke kin cika shan ruwan sanyi. Kullum ina faɗa miki."

Kishi dai ta san tana yin sa, ba ta ɓoye wa kanta ba. Kishin Auta take, mai zafi, irin wanda ke sa mutum ya ƙi cin abincin da yake so. In Auta ta zo gaisuwa sau ɗaya a mako, da ƙamshinta da ledar lemo, Mama kan laluba fuskarta da hannu biyu tana cewa an rame mata da yarinya. Mai Ihu na tsaye da tiren shayi, tana kallon hannayen nan. Ita ma suna taɓa ta, ba za ta yi ƙarya ba: suna kama kafaɗarta in za a shiga banɗaki. Auta ba muguwa ba ce, abin haushin ke nan. Takan biyo ta kicin ta rungume ta ta baya, ta ce, "Anti, na ƙarshen nan kin kashe ni, ni kaina sai da na ji tsoron kaina." Ta kawo mata zuma saboda maƙogwaro. Mai Ihu ta karɓa ta ce ta gode, ta jefa kwalbar can bayan kanta inda ba za ta riƙa ganin ta ba.

Me ya hana ta faɗa wa Mama? Ba gargaɗin Darakta ba ne, wannan ko a jikinta. Ita dai ba ta son abin da za a ba ta don ta roƙa. In ta ce "Mama, ni ce," Mama za ta ce, "To, sannu, Allah ya yi albarka," shi ke nan an sallame ta. So take tsohuwar ta gane da kanta. Matar da ke gane mai kawo ruwa daga takunsa, take gane in an canza mata sabulu, a ce ta kasa gane muryar 'yar da ta haifa? Shekara takwas tana jiran wata Asabar da Mama za ta ɗaga kai ta ce, tsaya.

Abin ya kai maƙura ne wata safiya, tana tsugune tana yanke wa Mama farcen ƙafa, rediyo a kunne. Aka gayyaci Auta hira. Mai gabatarwa ya ce, "Jama'a suna tambaya, wannan kuka naki da ke hana mutane barci, daga ina kike samo shi?"

Auta ta yi 'yar dariya. Me za ta ce, baiwar Allah? Sai ta ce, "Mamana nake tunawa. In na tuna wahalar da ta sha a kanmu, kukan da kansa yake zuwa."

Mama ta fizge ƙafarta, ta fashe da kuka. "Kin ji ko? Kin ji 'yar albarka? Ba ni waya, kira min ita." Mai Ihu ta kira, ta miƙa, ta koma ta tattara farcen a tafin hannunta ta kai shara. A bakin kwandon sharar ta daɗe a tsaye. Nan ta gane kuskurenta, ko abin da ta ɗauka shi ne kuskurenta: ta iya aikinta fiye da kima. Kukan Auta take yi, to don me Mama za ta ji wata ba Auta ba? Ashe ita ce ta ɓoye kanta. To, an gama. Fim mai zuwa nata kukan za ta yi.

Fim mai zuwan ma kamar da gangan. Labarin wata budurwa ce da mutanen gidansu suka daina ganin ta. Ba mutuwa ta yi ba, ba kuma asiri aka yi mata ba. Kawai wata rana uwar ta jera faranti huɗu maimakon biyar. Ta yi magana, aka amsa wa na kusa da ita. Aka ba da ɗakinta ga baƙo. A ƙarshe ta shiga sito neman wani abu, uban ya zo wucewa ya ga ƙofa a buɗe, ya ja ya sa kwaɗo. Minti biyu cur ana nuna ta a bayan ƙofar, tana jin ƙarar cokulansu.

Da Mai Ihu ta karanta takardun labarin, a shagonsu ma aka buga su, ta tare Darakta ta ce, "Yaya, daga ina ka samo wannan labari?"

Ya taɓa goshinsa da yatsa. "Daga nan. Ke kin san ni."

Ta dube shi ta ga da gaske yake, bai san komai ba.

Ranar ɗaukar sauti Darakta bai zo ba, ya tafi rarrashin wanda ya fito a matsayin uba, wanda ya yi fushi don an yanke masa magana. Daga ita sai Injiniya. Dattijo ne mai ƙarancin magana, tabarau a kan hanci, kullum da warin dalma a jikinsa. Suka yi ƙananan ihun duka, na tsorata da na faɗuwa, kamar yadda aka saba. Da aka zo wurin ƙofar sito, ta ce ya kashe mata allon.

"Anti, in ba ki ga bakin ba, yaya za ki bi shi?"

"Kashe kawai."

Ya kashe. Ta tsaya a tsakanin katifun nan masu warin ƙura, ta rasa ta inda za ta fara. Na Auta ta san hanyarsa kamar hanyar shago. Nata fa? Sai ta tuna farcen nan a tafin hannunta, abin ya taso. Bai yi sama ba. Ƙasa-ƙasa ya zo, daga ƙirji, numfashi yana sarƙewa, ana haɗiye rabi ana sakin rabi, kukan wanda ke tsoron kada a ji shi daga ɗaki na gaba. Babu ihu ko ɗaya a ciki. Ta wuce minti biyun, ta kai huɗu, ba ta sani ba.

Injiniya ya cire abin kunnensa, ya goge tabarau da gefen riga. "Bai hau bakin ba," in ji shi. "Ita bakinta a wangale yake."

"To ka nuna ƙofar maimakon fuskarta."

"Darakta zai yi faɗa."

"Ya yi."

Bai yi ba. Da ya ji, sai ya daki tebur ya ce wannan shi ne fim, ai tun farko haka ya tsara a ransa. Ya ƙara da cewa mutane za su ce Auta ta fito da sabon salo. Mai Ihu ta bar shi da bakinsa. Ba mutane take jira ba.

Asabar ɗin ta yi wa Mama wanka da wuri, ta ɗiga mata magani, ta gyara mata matashi. Ta rufe taga saboda ƙarar mai walda. Ta ƙara sautin kwamfutar har ƙarshe. Ta danna, fim ɗin ya fara. Ta yi ta bayar da labari kamar kullum, faranti huɗu, baƙo a ɗaki, Mama tana ta tsaki tana cewa wannan uwa ba ta da imani. Aka zo sito. Aka sa kwaɗo.

"Yanzu ƙofa kawai ake nunawa," in ji Mai Ihu.

Kukan ya fara. Mama ba ta zabura ba, ba ta kama hannun kowa ba. Ta karkata kai gefe, ta miƙa kunne, bakinta a ɗan buɗe. Can ta ɗaga yatsa.

"Tsaya. Tsayar da shi."

Ta tsayar.

"Wannan ba Auta ba ce."

"Ba ita ba ce, Mama?"

"Ni za a gaya wa kukan Auta? Mayar da shi baya."

Ta mayar. Suka saurara har ƙarshe. Mama ta ce a sake, aka sake. A karo na uku hawaye suna bin kumatun tsohuwar, ba irin na kullum masu haɗe da wayyo ba, shiru suke zuba. Mai Ihu ta matso har gwiwarsu ta haɗu.

"Kin gane mai muryar?"

"Ina zan gane ta? Wata suka ɗauko." Mama ta share fuska da bakin zani. "Amma yarinyar nan ba wasan fim take ba. Wannan kukan gaske ne, kuma ta daɗe tana yin sa. Allah sarki. Ko 'yar waye?"

"Ki ƙara saurara, Mama. Kin san ta."

"Na ce miki ban san ta ba. Uwarta tana da rai kuwa?"

"Tana da rai."

"To ta yi sakaci. A ce 'yarka tana irin wannan kuka a gida ba ka sani ba?"

Mai Ihu ta dubi uwarta. Abin da ta rantse ba za ta yi ba, shi ta yi, da 'yar murya kamar mai wasa. "In aka ce miki ni ce fa?"

Mama ta yi dariya cikin hawayen, dariyar ƙauna, wadda ta fi zagi ciwo. "Ke? Ke da ba kya kuka? Ko kina jaririya sai in manta na kwantar da ke, sai na ga nono ya cika in tuna. Ranar da babanku ya rasu ke kika dafa wa mutane ruwan shayi. Da aurenki ya mutu kika shigo kika hau wanke-wanke. Ke ai Allah ya hutar da ni a kanki, dutse ce ke. Ban san ma yadda kukanki yake ba."

Gaskiya ta faɗa. Mai Ihu ta laluba shekarunta arba'in da ɗaya, ta nemi rana guda da ta yi kuka a inda Mama za ta ji, ta rasa. A banɗaki take yi, ta saki famfo. Ta kawo wa tsohuwar jarrabawa a kan abin da ba ta taɓa koya mata ba.

Yanzu fa dama ce. Ga uwar, ga kunnen a buɗe, ga kukan ya taso har wuya. In ta sake shi, magana ta ƙare. Ta buɗe baki. Sai jikinta ya yi abin da ya saba tun tana ƙarama: ya haɗiye. Ta sake gwadawa, ko tari bai fito ba.

"Ki gaya wa yayanki ya kawo min yarinyar nan," in ji Mama. "Ina so in riƙe hannunta. Akwai turmin atamfa a ƙasan akwatina, wanda nake ɓoyo, ki fito da shi a ba ta. In uwarta ba ta san darajarta ba, ta riƙa zuwa nan tana wuni."

Wani kishi sabo fil ya soki Mai Ihu, wanda ya fi na Auta zafi. Auta aƙalla mutum ce, ana iya hararar ta. Wannan kuwa wata ce da babu ita, ta shigo yau da la'asar, har ta samu atamfa da wurin zama a gefen gado.

"Kin ji abin da na ce?"

"Na ji, Mama. Zan gaya masa."

"Yawwa. Matsa can, kin danne min zani. Mayar min da wurin yarinyar nan in sake ji."

Ta matsa, ta mayar mata.